Igiyar Cajin Mma Wasilatu

Mma Wasilatu maƙwabciyata ce a Salaga, katanga ɗaya ta raba mu. Tun rasuwar mijinta take hawa tsohon babur ɗinsa zuwa ƙauyukan masunta da ke bayan Makango, ta sayo busasshen kifi ta kawo kasuwa. Mace ce mai taurin kai, wallahi, amma gwiwoyinta sun gaji.

Can bakin ruwa babu wutar lantarki. Marigayin ya taɓa jan wata igiya daga batirin babur don cajin wayarsa, ita kuwa Mma sai ta mayar da abin hanyar cin abinci. Tana isa, matan da ke banda kifi za su jero da wayoyinsu, ta jona musu, su kuma su ɓoye mata manyan kifi kafin 'yan sarin kifi na garin Yeji su sauko daga jirgi. Haka aka yi shekara da shekaru.

To, babur ba injin wuta ba ne. Batir ya riƙa mutuwa, kullum sai turi. Ran nan ya mace mata a tsakiyar daji, ta turo shi da kwando a baya har la'asar. Ɗanta Samed, da ke sayar da albasa a Bawku, ya ji labari ya kira.

"Mma, ya isa haka," in ji shi. "In ya sake mutuwa a hanya, zan zo in ɗauke ki, ki zauna wurinmu."

Ta kashe waya ta dube ni. "Awawu, me zan yi a Bawku? In zauna a tabarma ina jiran a ba ni koko?"

Washegari na raka ta wurin Garuba bakanike. Ya buɗe gefen injin, ya zaro kwayil ɗin da ke cajin batir, baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Ya canza shi, ya canza ɗan akwatin da ke daidaita wuta, ya sa sabon batir. Sannan ya kai hannu kan igiyar marigayi ya datse ta.

"Mma, wannan ce ke cinye miki wuta. In kika mayar da ita, ba ruwana."

Babur ya tashi da taɓi ɗaya. Ni har guɗa na yi, shashasha da ni.

Zuwan farko, matan suka jero da wayoyinsu, ta ba su haƙuri. Suka juya da abinsu. Zuwa na gaba, manyan kifin sun bi wani mai kwalekwale da ya zo da faifan sola. Ba mugunta ba ce, su ma 'ya'yansu na nesa, suna son jin muryarsu. Mma ta dawo da wuri, babur lafiya lau, kwando kuwa 'yan ƙanana ne a gindinsa. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Da safe ta leƙo ta katanga. "Awawu, zo ki riƙe min nan."

Na same ta a tsugune gaban babur, guntuwar igiyar a hannunta, ta feɗe bakin igiyar da haƙori.

"Mma, zai sake ƙonewa fa. Kin ji abin da Samed ya ce."

"Na ji," ta ce, ba ta ɗago ba. "In da igiya, Bawku. In babu, Bawku. Bari dai in ƙarasa da kwandona a cike."

Na riƙe mata, ta murɗa.