Jan Farcena a Bokitin Tarakta

Yau da safe Yakubu makanike ya durƙusa gaban bokitin taraktarmu, ya kira ni: "Maman Ladi, wa ya sa jan ɗigon nan?"

Ina leƙawa na ga jan farcena ne. Bara maigidana ya sayo ƙarfe mai haƙora a Kafanchan, zai ɗaura wa bokitin ya tumɓuke kututturan gonar citta. Da ya rasa alli, sai ya ɗauki jan farcena ya ɗiga inda za a huda. Ranar na yi masa faɗa sosai. Bai kai ga hudawa ba Ubangiji ya kira shi gida.

Yakubu ya ce, "Awonsa daidai ne, Mama. Amma in na huda, ɗigon zai tafi fa."

Damina ta kusa, gona ba ta jiran mai kuka.

Na ce, "Huda. Ba don kallo ya sa shi ba."

Noti ya shiga daidai, kamar yana tsaye yana nunawa. Na juya baya kar Yakubu ya ga idona.

Ku da kuka rasa naku, wane ƙaramin abu ne kuka kasa rabuwa da shi?