Saƙon Baba a Zanzibar

Ina tsaye bakin teku a tsibirin Zanzibar na kira Baba ta bidiyo, ina juya wayar ya sha kallo. Shi yana Jiratawa kusa da Maraɗi, cikin gonarshi ta zogale, rani ya matsa.

Na shiga ba shi labarin tsohon gari da manyan kunkuru da yawon kwalekwale.

Ya ce, "Duk wannan ruwan, mi suke nomawa da shi?"

Na ce, "Baba, na gishiri ne, ba ya shayar da shuka."

Sai ya ce, "To ka je gonakinsu ka gano mani yadda suke ban ruwa."

Akwai gonar kanumfari da ake kai baƙi. Kwana biyar ina cewa gobe, har na hau jirgin dawowa.

Da na dawo Maraɗi ya tambaye ni, sai na miƙa mashi tsarabar hula. Ya sa mani albarka, bai sake tada maganar ba.

Baba ya rasu da damina. Jiya na duba hotunan tafiyar kaf, babu gona ko ɗaya.

Ku sa shi cikin addu'a. Ku fa, wane saƙon iyaye kuka bari sai gobe?