Ranar da Baba Injiniya Ya Ce a Karanta Masa

Baba Injiniya bai taɓa leƙa makarantar injiniyoyi ba. Gyaran rediyo yake yi a ƙarƙashin wani bene, aka kira shi ya duba fankar ɗan asibitinmu, daga nan bai koma ba, shekara ashirin da uku. Da na fara aikin jinya na tarar da shi: gajere, mafaɗaci, sukudireba a aljihun gaba kamar biro. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, asibitin nan shi ne gidansa.

Duk cajojin na'urorinmu a durowa ɗaya yake tara su. Baƙaƙe ne, bakinsu iri ɗaya, amma ƙarfin wutarsu ya bambanta: wata shida, wata sha biyu, wata ashirin da huɗu. In ya kama ki kina jona wadda ba ita ba, kin shiga uku. "Don baki ya shiga, sai aka ce miki ya dace?" Haka zai bi ki da masifa har bakin ƙofa.

Abin da ba mu sani ba shi ne idonsa ya soma tafiya. Ƙananan lambobin da ke bayan caja sun daɗe da ɓace masa. Ya ɓoye, don ya san ranar da aka gane, ranar za a sallame shi. Sai ya ɗaura wa wayar kowace caja zare: ƙulli ɗaya shida, biyu sha biyu, uku ashirin da huɗu. Yatsunsa ke yi masa karatu.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tsabtar tsiya. Aka ce masu duba asibitoci na tafe, na buɗe durowar Baba ba ya nan, na ga zarurruka sun yi baƙi ƙirin da dauɗa. Na ɗauko almakashi na bi su ɗaya bayan ɗaya, har ina yaba wa kaina.

Washegari da hantsi aka kawo mai naƙuda, ta galabaita. Likita ta ce a ba ta na'urar sauraron bugun zuciyar jariri. Guda biyu gare mu, kuma dukansu batir ya mutu.

"Ku kira Baba!"

Ya shigo da durowar a rungume. Ina riƙe da matar, ina kallon yatsunsa suna bin waya daga sama har ƙasa. Ya ajiye, ya ɗauki wata, ya sake shafawa. Fuskarsa ta sauya. Ya zaɓi ɗaya ya jona.

Tas! Hayaki ya fito ta gefen na'urar, warin ƙonannen roba ya cika ɗakin. Mai ashirin da huɗu ya ba wa mai cin shida.

"Subhanallahi! Baba, yau lafiya?" in ji likita. "Jona ɗayar, maza. Ita kaɗai ta rage mana."

Matar ta yi wani nishi, uwarta na salati a bakin gado. Baba ya ɗauki caja biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya kai ɗaya dab da hancinsa, ya nesanta ta, ya juya ta wajen taga. 

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Baba, ai lambar na baya, mai shida za ka ɗauka."

"Na sani, 'yata."

Yadda ya faɗe ta ne ya ankarar da ni. Nan take na gane komai, na gane abin da almakashina ya yi. Na yunƙura in karɓa in rufa masa asiri, amma matar ta damƙe hannuwana biyu, ko motsi na kasa.

"Baba, lokaci!" in ji likita.

Wallahi zai iya canka. Wataƙila ya dace, ba wanda zai taɓa sani. Na ga ya kai bakin wayar kusa da na'urar, ya tsaya. Sai ya miƙa wa likita duka biyun.

"Likita, karanta mini. Ba na gani. Na daɗe ba na gani."

 Likita ta dube shi sau ɗaya, ta duba cajojin, ta jefar da su, ta tono wata daga durowa. Duk biyun ba su ba ne. Na'ura ta kama, bugun ya fito a hankali, ƙasa da yadda ya kamata. Cikin minti goma an shiga da matar tiyata.

Kafin la'asar shugaban asibiti ya kira Baba ofis, kuma bai daɗe a ciki ba. Na same shi a bakin get da 'yar jakarsa. Na fara ba shi haƙuri ina kuka, ya katse ni.

"Jaririn ya yi kuka?"

"Ya yi, Baba. Mace ce."

"To, alhamdu lillahi." Ya juya wajen titi, motoci na wucewa a guje, ya miƙo mini hannu. "Tunda yanzu kowa ya sani, kama ni ki tsallakar da ni. Shekara biyu da kunne nake tsallaka titin nan, na gaji."