Turancin da Na Koya wa 'Yar Madam

Na shigo Alƙahira daga Libiya a shekarar da yaƙi ya kore mu. Mijina bai fito ba. 'Ya'yan da na haifa kuwa babu wanda ya rayu har ya taka ƙasa. Na samu katifa a ɗakin wasu mata 'yan Sudan a unguwar Arba wa Nus, na yi wankau, na yi shara, har wata daga cikinsu ta ji ana neman mai raino a unguwar Zamalek, wadda take jin Turanci.

Ban taɓa zama a aji ba. Turancina na kicin ne. A Fatakwal na tsince shi, a gidan wasu Turawa da na yi wa aiki ina budurwa.

Mutanen gidan daga Kudancin Amurka suke, Sifaniyanci suke yi. Maigidan ma'aikacin ofishin jakadancin ƙasarsu ne, ba na ganinsa sai jefi-jefi. Madam doguwa ce, mai yawan dariya, mai sumbatar kowa a kumatu. 'Yarsu ɗaya, shekararta shida. An sa ta a makarantar Turanci, ta ƙi buɗe baki, aka ce ta zauna a gida sai ta fara magana, sannan a sake gwada ta. Madam ta ce idan yarinyar ta saba da ni, ina tare da su har su bar Masar.

Ranar farko yarinyar ta kama bakin zanena ta ƙi saki. Da azahar ta yi barci a jikina. Na manta rabon da yaro ya yi barci a jikina. Daga ranar abin da nake so ke nan, a bar ni kusa da ita.

Akwai malama da take zuwa koya mata Turanci Litinin da Alhamis, 'yar Zariya, matar wani ɗalibi. Ta zo da hotuna: yaro yana cin abinci, mace tana shara. Da ta gama sai ta biyo ni kicin.

"Inna, ke ce makarantar fa. Ni leƙowa kawai nake yi."

"Ni da ban san ko baƙi ɗaya ba?"

"Kin san wanke-wanke ai. Duk abin da kike yi kullum, ki faɗa mata da Turanci, ta maimaita. I wash the plates. Idan ke take nufi, she washes the plates. Darasin ke nan, abin da ake yi yau da gobe."

"To wannan ai ba sai an shiga jami'a ba."

"Rufa mini asiri, Inna, kar Madam ta ji."

Haka muka fara. Ina yanka albasa ina faɗa, yarinyar tana zaune a kan teburin kicin tana kaɗa ƙafa tana maimaitawa. A yarensu ba dole ne a ambaci mai aikin ba, saboda haka sai ta ce "cook rice" ta yi shiru.

"Wa ke dafawa?" in ce. "Aljani?"

"She cook rice."

"Ina wutsiyar?"

Malama ce ta raɗa wa "s" ɗin ƙarshe wutsiya. Sai yarinyar ta ja shi kamar maciji, "cooksss", har miyau ya fito, ta fashe da dariya. Makaranta kuwa "eskul" take cewa. Wannan na bar mata, don ni ma ban tabbata nawa daidai ne ba.

Kafin sanyi ya shigo bakinta ya buɗe. Ta san abin da mai gadi yake yi da safe, da abin da magen maƙwabta take ci. Tana tsayawa a baranda tana ba ni labarin mai kayan miya da jakinsa, duk da Turanci.

Amma na same ta tana zuba wa manya ido, tana miƙa abu da hagu, tana wuce baƙo babu gaisuwa. Ni ban san yadda ake riƙon yaro a bar shi haka ba. Na koya mata abin da uwata ta koya mini. Idan kin ga babba ki durƙusa. Ki miƙa da dama. Ki sunkuyar da kai, ba a kallon babba a ido. Da yake komai muka yi sai mun faɗe shi da Turanci, wannan ma ya shiga cikin darasi. Ta haddace shi fiye da sauran, don ta ga yana faranta mini rai.

Wata rana malama ta shigo, yarinyar ta durƙusa mata har ƙasa. Malama ta yi dariya, sannan ta kalle ni.

"Inna, waɗannan mutanen fa ba haka suke ba."

"Ladabi yana da ƙasa ne?"

"Yana da ita mana."

Na ɗauka wasa take yi.

Da kwanan gwaji ya matso, Madam ta gayyato ƙawayenta shan shayi da la'asar, don su ji Turancin 'yarta. Na gyara wa yarinyar gashi, na ba ta farantin biskit, na tsaya a bakin ƙofa. Ta shiga a natse. Ta durƙusa gaban wadda ta fi tsufa, ta miƙa da dama, idonta a ƙasa. Zuciyata ta yi fari. Ban taɓa kai ɗa gaban mutane ba sai ranar.

Baƙin suka kalli juna. Madam ta yi ƙoƙarin dariya, ta ce da yarinyar da Turanci ta gaya musu abin da take yi kullum. Ta fara, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta yar da wutsiya ko ɗaya ba. Tana tashi, tana wanke fuska, tana shan madara. Sannan ta ce, "I kneel down. I don't look at big people."

"Saboda me?" in ji Madam.

"Iya doesn't like it. She gets angry."

Ni ce Iya. Gaskiya ta faɗa, nakan ɗaure fuska. Madam ta kama haɓarta ta ɗaga, tana yi mata magana da yarensu da sauri-sauri. Yarinyar ta sake sunkuyar da kai, don a wurinta uwarta ma babba ce. Sai Madam ta fara kuka a gaban baƙi.

Washegari ta kira ni falo, ta ce in zauna. Ban zauna ba.

"Kina dukanta?"

"A'a."

"To me ya sa 'yata take tsoron kallona?"

Ba tsoro ba ne. Amma Turancin kicin bai kai ya bayyana wannan ba, ni kuma ban iya roƙo ba. Na ce mata haka aka raine ni. Ta ce ta sani, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ta ce ba ta riƙe ni da mugunta ba. Sannan ta ce khalas, shi ke nan, ba sai na dawo ba. Maigidan ya riga ya fita da yarinyar tun da safe, don kada ta ga tafiyata.

Na haɗa zannuwana a leda, na tsallaka gada da ƙafa, na hau ƙaramar bas.

Bayan wani lokaci na haɗu da malama a wurin wani bikin suna a unguwar Faisal. Ta ce yarinyar ta ci gwajin, an ɗauke ta. Ta ce ta yi ta tambaya ina Iya, aka ce mata na koma ƙasarmu, daga baya ta daina tambaya.

"In kai mata saƙo, Inna?"

Na yi tunani. Na ce a'a, tunda an ce mata na tafi, a bar ta a haka. Malama ta tura mini farantin shinkafa gabana, na ce na ƙoshi.