Gonar da Isufu Ya Ara

Mun tashi da asuba daga Tasawa, mu uku cikin tsohuwar motar ma'aikatarmu: ni, da direba, da abokin aikina wanda ya rungume ordinatar, wato kwamfuta, kamar jinjiri. Abin da ya fito da mu shi ne mu nuna wa malaman wata lakwal, wato makarantar boko, da ke gaba da Mayahi wani shafin intanet da aka tara darussan muhalli wuri guda. Ka rubuta kalma, ya zaƙulo maka littafi ko hoto ko bidiyo.

Hanya ba daɗin kallo. Ruwa ya ɗauke da wuri bana, karan hatsi na tsaye ba zangarniyar kirki, awaki sai haƙarƙari. Shingaye kuma sun ƙaru tun da sojoji suka karɓi mulki. A ɗaya daga ciki wani jandarma ya tambayi abin da ke cikin jakar abokin aikina. Da muka yi masa bayani sai ya ce mu tambayar masa shafin dalilin da ya sa mangwaron gidansa ba ya 'ya'ya. Muka ce ai nan ba rezo, waya ba ta kamawa. Ya ce, "Shi ma ba ya 'ya'ya ke nan. Ku wuce."

A Mayahi muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance, mai tuya ta ce mu je mu tambayi kuɗin wake kafin mu yi mata ƙorafi. Daga nan muka shiga rairayi, mota ta kafe, muka tura ta har rawanin direba ya warware.

Da hantsi muka isa. Ashe diraktan lakwal ya shaida wa gari cewa za a kawo silima. Maimakon 'yan malamai, sai muka tarar da aji maƙil, maza da mata, mai gari na kan kujera a gaba. Muka rataya farin zane a kan allo, muka rufe tagogi, muka ɗora waya a kan katanga inda rezo ke ɗan leƙowa.

Abokin aikina ya rubuta "gawo". Shafin ya tambaye shi ko birnin Gao yake nufi. Sai ya koma Faransanci, ya nemi darasin raya itatuwa a gona, ya zaɓi Nijar. Wani bidiyo ya fito wanda mu kanmu ba mu taɓa kallo ba. Na ce a kunna.

Ga wani mutum cikin shuɗiyar babbar riga, tsaye tsakanin gawuna, yana cewa, "Wannan gona tawa ce. Kowane icce da kuke gani, da hannuna na raine shi."

Aji ya kaure da ihu: "Isufu ne! Wallahi Isufu ne!" Isufun kuwa yana zaune kusa da ƙofa, har ya fara laluben takalmansa.

Wani dattijo ya miƙe, ya kira ni yadda ake kiran malaman boko. "Mushe, tsai da shi nan!" Muka tsayar. Ya matso har hancinsa na taɓa zanen. "Wannan gonata ce. Ga gawon da aradu ta tsaga nan. Rigar ma tawa ce."

Sunansa Lawali, wan Isufu, uba ɗaya. Shekarun baya wasu masu ɗaukar hoto sun zo Lawali yana ci-rani, Isufu ya kai su gonar wansa, don tasa ko inuwar zakara babu. Mutane na ta dariya, amma ban da Lawali. Bana gonarsa na cikin 'yan kaɗan da suka ba da wani abu, 'ya'yan gawon kuma su ne abincin tumakinsa, ga shi gonar ba ta da takarda. Ya ce, "Ranar da ba ni, 'ya'yansa su ce duniya ta ji ubansu ya ce tashi ce, nawa su ce me?"

Mai gari ya dube ni. "Mushe, cire shi daga ciki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da iko. Masu shafin suna wata ƙasa."

"To ka shigar da mai gonar."

Haka muka kwashi gari guda cikin rana tsaka zuwa gonar. Aka tsai da Isufu gaban wayata, mai gari da liman na gefensa, don ya faɗi gaskiya. Ya dubi yagaggiyar taguwarsa, ya dubi wansa, ya ce, "Yaya, ko za ka sake ara mini rigar? Kada duniya ta gan ni haka." Sai a nan Lawali ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Isufu ya faɗa da bakinsa cewa gonar ta wansa ce, ya nemi gafara. Lawali ya karɓi fage, ya fara daga yadda yake barin toho idan yana sassabe, ya bi ta kan tarihin kakansu, yana kan labarin telan da ya ɗinka rigar batir ya mutu.

Gidan Lawali muka sha hura mai sanyi, ya hana mu tafiya sai da muka ƙara.

Bayan magariba muka shigo Tasawa, jiki duk tsami. Washegari na aika wa masu shafin sabon bidiyon, na kuma tura wa mai gari da 'ya'yan Lawali. Masu shafin ba su amsa ba tukuna. Malaman da muka je dominsu kuwa ko taɓa ordinatar ba su yi ba.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, shafin nan ya iya nemo darasi, amma bai san gonar wa ba ce. Yanzu ba na kunna bidiyo gaban jama'a sai na kalle shi ni kaɗai, na kuma tambayi wani ɗan garin ko ya gane mai rigar.