Ranar Da Muka Gwada Jiniya A Garken Ardo

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, yau na ce bari ni ma in kawo nawa, ko da yake duk sanda na tuna shi dariya ce take riga nadama zuwa.

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ni ƙaramin ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, matashi mai rawar kai, ga sabon aure, ga ɗokin a san da ni a ofis. Lokaci ne na tsuke bakin aljihu, motar sintirinmu ma ta fi zama a gareji. An sa ni cikin masu hidimar kwamitin tsaro, kuma kowane zama magana ɗaya ce: ɓarayin shanu sun addabi ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, daga Sabon Birni har Gude, 'yan sintiri kuwa ba sa jin labari sai an yi nisa da dabbobin.

Ana haka na kai rediyona gyara Gwarzo, wurin wani bawan Allah da ya gama kwalejin kimiyya da fasaha bai samu aiki ba, ya buɗe shago. Kowa Injiniya yake ce masa. A nan ya nuna mini wata na'ura da ya haɗa da kansa: siririyar waya ce za a zagaye shinge da ita, an jona ta da batirin mota, da zarar an tsinka wayar sai ƙararrawa ta kaɗa. Nan take na ga kaina ana yi mini ƙarin girma. Na ce masa ai gwamnati ta daɗe tana neman irinsa, ni zan haɗa shi da manya. Ya yi murna, amma ya ce abin bai nuna ba tukuna, yana so ya fara zama da masu shanun ya ji yadda satar take faruwa. Na ce masa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, zama da makiyaya ya biyo baya. Har na ƙara da cewa wannan 'yar ƙararrawar tasa ba za ta burge kowa ba, ya nemo jiniya mai ƙarfi wadda za a ji daga wani gari. Ya yi ta jan ƙafa, ni kuma na yi ta matsa masa har ya amince.

Kwamiti ya yarda a yi gwaji a rugar wani Ardo, dattijo mai fara'a da sata ta taɓa shi. Damina ta yi nisa, dawa ta yi kai. Aka kafa rumfa dab da garke, ciyaman ya zo, baturen 'yan sanda ya zo, ga dagaci, ga 'yan Hisba cikin sababbin kaya, ga jama'a. Na yi jawabi mai tsawo, sannan aka ce wani ɗan sintiri ya yi kamar ɓarawo. Ya raɓa ya tsinka wayar. Na'ura dai ta yi aiki, ba na ƙaryata ta. Jiniyar nan ta ƙwalla wata muguwar ƙara. Shanun da ba su taɓa jin irinta ba suka zabura gaba ɗaya, suka ture shinge suka yo kan rumfa. Ban san manya na iya gudu da babbar riga ba sai ranar. Dagaci ya bar takalmansa, wani kansila ya ɗare bishiyar ɗorawa, ni kuwa na tsinci kaina kwance cikin kunyar gyaɗa. Allah ya tsare, babu wanda aka taka, amma shanun sun bi ta gonakin mutane sun tattake dawar da ake sa ran girbewa.

Daga nan wasa ya ƙare. Aka tafi da Injiniya ofishin 'yan sanda ya yini yana amsa tambayoyi, masu gonaki suka kai ƙara kotun Shari'a, a ofishinmu kuma kowa ya zame, aka ce ai ni na kawo shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahaifiyarsa da ta zo sakatariya ta same ni. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, ɗan nan, ka same shi yana cin halaliyarsa a shago, yanzu gari ya ɗauka cewa ɗana mahaukaci ne.

A kotu na gaya wa alƙali cewa shawarar jiniya tawa ce. Ya tambaye ni ko na taɓa kiwon ko akuya. Na ce a'a, Allah ya gafarta Malam. Kotu ta ɗauki dariya. Ardo da kansa ya nemi a yi sulhu, muka ɗauki nauyin gyara ɓarnar, na yi kwanaki ina ta da dawar da ta kwanta tare da masu ita. A bakin kotun ne Ardo ya riƙe hannun Injiniya ya ce kada ya yar da abinsa, ya zo ruga su yi magana.

Zaman da na hana tun farko shi aka yi a ƙarshe, Injiniya da makiyaya da shugaban 'yan sintiri a kan tabarma, ni kuma ina gefe ina saurare. A nan muka ji cewa yawancin satar da rana ake yin ta, ranar kasuwa, sanda maza suka watse. Shugaban 'yan sintiri ya ce su ba ƙara suke so a garke ba, so suke labari ya iske su a rumfarsu ɓarawo bai sani ba. Injiniya ya koma ya sake haɗa na'urar, ta zama shiru a garke, sai ta aika sigina wata 'yar rediyo ta yi ƙara a wurin 'yan sintiri. Kafin kaka ta wuce, na'urar ta sa aka tare wasu mutane suna kora shanu a hanyar rafi. Baturen 'yan sandan da ya tsare Injiniya, shi ne ya zo shagonsa yana neman a haɗa wa wasu rugagen.

Yau ana ta maganar jirage marasa matuƙi da kyamarori, ina ganin matasanmu masu basira suna neman wanda zai kai su gaban hukuma. Ina roƙon duk wanda Allah ya ɗora a tsakani ya ji tsoron Allah, kada ya mai da basirar wani tsanin hawansa. Kafin ka tara manya a rumfa, ka kai mai ƙirƙira wurin waɗanda abin ya dama, ka bar su su yi magana. In ya ce maka abinsa bai nuna ba, ka yarda da shi, domin ranar da ta ɓaci sunansa ne zai shiga bakin duniya, ba naka ba.