Ranar da Aka Ƙi Karɓar Godiyar Ña Zunilda

Tun kafin masu tallan burodin rogo da ake kira chipa su fara zagaya titunan garin Pilar, Ña Zunilda Bogarín, wato Inna Zunilda, ta riga ta fito da teburinta gindin mangwaro. Takarda, fensir, sai tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Ta fi shekara talatin tana tsara wa mutanen garin nan gidaje, kuma ba ta taɓa jan layi ba sai ta taka filin da rana tsaka, ta ji ta ina iska ke shigowa. Sai ta tambayi matar gida inda take son zama ta fere rogo, ta tambayi maigida inda zai ɗaura ragar lilonsa. Bana ta ce idonta ya gaji, ta ajiye fensir. Manyan da ke raba wa junansu lambar yabo a Asunción, babban birnin ƙasa, ba su san sunanta ba. To mu 'yan sana'arta mun sani.

Rabin shekarun nan ita kaɗai ta yi su. Babu mai irin sana'arta a duk garin. Magina suna jiran umarninta, masu gida sun ɗauka ta san komai. Wa za ta kalla ta ce ban sani ba? Ta yi ta haɗiye tambaya har abin ya zame mata hali.

Sai ga gidan Ña Delfina mai wankau. Gida mai kyau, ɗaki biyu suna kallon juna, rumfa a tsakiya. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, bango ya fara jiƙewa daga ƙasa, fenti yana ɓarewa, wani farin gishiri yana fitowa. Zunilda ta sa aka shafe shi da siminti, danshi ya haura. Aka ƙara, ya kai taga. Mijin Delfina, mai ciwon ƙirji, ya koma kwana a rumfa don ba ya iya numfashi a ɗaki.

"Zuni, ni ba faɗa na zo yi ba," in ji Delfina. "Amma tari zai kashe mini tsohon nan. Ko kwaɗi kika zana wa gidan, ba ki faɗa mana ba?"

Zunilda ta yi dariya don kada ta yi kuka. A ranta ta yanke cewa in bangon nan ya fi ƙarfinta, ta bar sana'ar ke nan.

Wani mai sayar da katako ne ya ba ta labarin ƙungiyar masu tsara gidaje da ke taruwa a birnin Encarnación. Ta hau mota da niyyar ta zauna a gefe, ta kasa kunne, ko Allah zai sa wani ya ambaci danshi ba tare da ta tambaya ba.

Ta same su zagaye a tsakar gida, ƙahon da ake shan tereré, shayin ganye na ruwan sanyi, yana yawo hannu zuwa hannu. Mai zuba ruwan wani tsoho ne mai tumbi, Karai Anacleto Fleitas, wato Malam Anacleto. Kowa a ƙasar nan ya san ƙa'ida: muddin kana cikin masu sha, ka zuƙe ka mayar da ƙaho shiru. Da ka ce "na gode", ka ce a tsallake ka ke nan. Zunilda ta zuƙa sau ɗaya, ta miƙa.

"Na gode."

Anacleto ya cika ƙahon, ya sake miƙa mata.

"Karai, na ce na gode."

"Kunnen nan ya daɗe da mutuwa, ƙanwata. Sha."

"Ƙarya yake yi," in ji wata mai suna Griselda. "Ɗazu daga bayan katanga ya ji maƙwabta sun ɗora nama a wuta."

Aka tuntsire da dariya. Tsohon bai janye hannunsa ba.

"Mutum ya taso tun daga Pilar don ƙaho ɗaya? Me ya koro ki, 'yar nan?"

Ta karɓa, ta riƙe shi da hannu biyu. Can ta ce, "Bangona ne yake zufa." Daga nan magana ta ɓalle.

"Siminti kika sa?" in ji Griselda. "Sannu, 'yar uwa! Ni gidan surukata na yi wa wannan hauka, har yau da ƙyar take amsa gaisuwata."

"Hanci kika toshe masa," in ji Anacleto. "Bango ma numfashi yake yi. Kankare simintin, ki shafa farar ƙasa, ki haƙa masa magudana a gindi."

Griselda da kanta ta biyo ta Pilar, suka tsaya kan magina. Kafin sanyi ya shigo, mijin Delfina ya mayar da gadonsa ɗaki.

Da wata ce, da ta samu maganin sai ta koma gida ta rufe ƙofa. Ke ba ki yi haka ba, Ña Zuni. Ke ce kika matsa sai da taron ya daina zama a babban gari kaɗai, ya riƙa zagaya ƙananan garuruwa inda mutum ɗaya ke fama shi kaɗai. Ke ce mai buɗe kowane zama da sabon kuskurenki, da furfurarki da komai, don mu da muka fito makaranta jiya mu samu bakin faɗin namu. Uwar masu tambaya, a gabanki muka koyi cewa "ban sani ba" ba ta kashe kowa.

Shi ya sa raina ke ɓaci da wasunmu. Akwai masu zuwa taro don a ɗauke su hoto, su tafi ba su buɗe baki ba. Akwai 'yan zamanina da suka ɗauka waya ta ishe su, suna kwafar gidajen ƙasashen ƙanƙara suna dasa wa mutane a bakin kogi. Ku ji tsoron Allah! Girman kan mai zane ba shi yake kwana a ciki ba, wani bawan Allah ne yake tari a cikinsa. Ku fito ku zauna cikin 'yan uwanku, ku tambaya.

Allah ya saka miki da alheri, Ña Zuni, ya ƙara wa idon nan haske.

Ajiye fensir ɗin ma bai zaunar da ita ba. Watan jiya ta ji labarin wata yarinya a garin Ayolas, Nidia, wadda rufin gidan farko da ta tsara ya fara yoyo, ta daina zuwa taro, ta daina ɗaga waya. Ña Zunilda ta hau mota da ƙahon tereré da jarkar ruwan ƙanƙara a cinya. Maƙwabta sun ce ta daɗe tana buga ƙofa, daga ciki ana cewa ba kowa.

"To, ke ba kowa," in ji ta, "buɗe mini, ƙanƙarata tana narkewa. Nawa kuskuren ya fi naki muni, kuma ni zan fara faɗa."

Aka zare sakata.